Ƙaurar Bel a Mahaƙar Kwal ta Ƙarƙashin Ƙasa: Daga Ƙarfin Damtse Zuwa Ƙarfin Inji

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani aiki da ba a cika jin labarinsa a wajen mahaƙa ba, wato ƙaurar bel ɗin jigilar kwal a ƙarƙashin ƙasa. Duk lokacin da haƙa ta yi gaba, dole ne a tsawaita bel ya bi ta, idan kuma ta yo baya a rage shi. An daɗe ana yin wannan aiki da hannu, yana cinye lokacin haƙa, yana kuma nakasa ma'aikata. Maƙalar ta fayyace sassan bel da dalilin ƙaurarsa da matakan ƙaurar ta hannu, sannan ta bi na'urorin da aka ƙera domin sauke wa ɗan'adam wannan nauyi, tana kafa misali da mahaƙun Amurka da Ostareliya. An kuma gabatar da kalmomin Hausa da za a iya tattauna fannin da su. Maƙalar ta nuna cewa inji ya rage wahalar ɗauka da tsawon lokacin tsaiko, amma ya zo da nasa haɗurran da sharuɗɗan.

Fitilun Kalmomi: kwal, mahaƙa, bel, ƙaura, wutsiya, rumbun bel

1.0 Gabatarwa

Kwal ɗin da aka sara a ƙarƙashin ƙasa bai zama dukiya ba sai ya fito sarari. A ƙarni na 19, ana loda shi ne a ƙananan taragu, mutane ko dawaki su ja. A shekarar 1892 Thomas Robins ya fara ƙera bel na ɗaukar kwal da ma'adinai a Amurka, sannan a 1905 injiniya Richard Sutcliffe ya samar da bel ɗin da ya dace da aikin ƙarƙashin ƙasa a Ingila. Kamfanin Joy na Amurka ya fito da motar kai-kawo a 1938, ya kuma biyo da injin saran kwal marar tsayawa a 1948. Da haka sara da loda da jigila duk suka koma hannun inji.

Sai dai akwai wani giɓi da ya saura. Injin sara yana tafiya da ƙafarsa, motar kai-kawo tana da tayoyi, amma bel a kafe yake. Wurin saran kuwa kullum matsawa yake yi. Ke nan dole ne lokaci zuwa lokaci a tsayar da komai, a kwance ƙarshen bel, a ja shi gaba, a ƙara masa tsawo. Wannan shi ne aikin da maƙalar ta kira ƙaurar bel, kuma shi ne ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi daɗewa a hannun leburori bayan sauran sun koma ga inji.

1.1 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

An bi hanya biyu wajen zaɓen kalmomi. Inda masu sana'a suka riga suka hausantar da kalma, an bar ta yadda take. Misali, duk mai injin niƙa ya san bel, makaniki kuma ya san rola da gangar birki. Inda babu, an faɗaɗa ma'anar kalmar gida:

Fuska: bangon kwal ɗin da ake sara a halin yanzu.
Lungu: doguwar hanyar da aka haƙa cikin shimfiɗar kwal.
Ratse: gajeriyar hanyar da ke haɗa lungu da lungu.
Ginshiƙi: kwal ɗin da aka bari tsakanin lunguna domin ya riƙe rufi.
Gadon bel: ƙarafan da rololi ke zaune a kai, bel kuma ya hau su.
Kai da wutsiya: ƙarshen da kwal ke sauka da ƙarshen da ake zuba shi.
Rumbun bel: na'urar da ke ajiye rarar bel tana sakinsa a hankali.

Kalmar mahaƙa tana nufin wuri, tana kuma nufin masu haƙa. Domin kauce wa ruɗani, an keɓe ta ga wuri, jam'inta mahaƙu, mutanen kuma aka kira su ma'aikata.

2.0 Sassan Bel da Dalilin Ƙaurarsa

Bel zobe ne marar ƙarshe na roba ko leda mai kauri da aka ƙarfafa da saƙa. Yana zagaya ganguna biyu, ɗaya a kai, ɗaya a wutsiya. Injin lantarki da ke kusa da kai ne yake juya ganga, ita kuma ta ja bel. Sashen sama yana tafiya a kan rololi uku-uku da aka jera su kamar kwami domin kada kwal ya zube, sashen ƙasa kuma yana dawowa fanko. Saboda haka duk mita ɗaya da aka ƙara wa hanyar bel, mita biyu na bel take ci. Gadon kuwa ko dai a kafa shi a daɓe, ko a rataye shi da sarƙoƙi a ƙusoshin rufi.

Hanyoyin haƙa biyu ne suka fi shahara. A tsarin ɗaki-da-ginshiƙi, wanda ya yawaita a gabashin Amurka, injin sara yana buɗe lunguna da ratse-ratse kamar layukan dara. Motocin kai-kawo suna ɗaukar kwal daga bayansa zuwa mazubi, wato injin da ke farfasa manyan curarruka yana zuba su a wutsiyar bel. Waɗannan motoci da lantarki suke aiki, kowace tana jan kebur mai iyakantaccen tsawo. Yayin da fuska ke nisa, tafiyar motar tana ƙaruwa, injin sara yana zaman jira, har kebur ya kusa ƙarewa. Shi ya sa akan matsar da wutsiya bayan kowane ratse biyu ko uku.

A tsarin doguwar fuska, wanda shi ne ƙashin bayan mahaƙun ƙarƙashin ƙasa na jihohin New South Wales da Queensland a Ostareliya, ana shata yankin kwal mai faɗin mita 200 zuwa 400, tsawonsa kuma yakan kai kilomita biyu zuwa huɗu. Da farko ana haƙa lunguna a gefe da gefensa har ƙarshe, bel yana tsawo yana bin su. Daga nan sai babban inji ya fara yankar kwal ɗin daga can ƙarshe yana dawowa, rufi yana ruftawa a bayansa, bel kuma yana raguwa. Ke nan a wannan tsari bel yana ƙaura sau biyu: gaba lokacin buɗe hanya, baya lokacin kwashe kwal.

3.0 Ƙaura da Hannu

A tsarin da aka saba, ƙaura tana bin waɗannan matakai. Ana juya bel har kwal ɗin da ke kai ya ƙare, a kawo wani tsohon haɗi daidai wurin da ake so. Sai a yanke wuta, kowane ma'aikaci ya sa kwadonsa a makunni. A saki ɗamewar bel, a matse shi da mamatsai, a zare sandar haɗin. A kwance sarƙoƙi da turakun da suka kafe wutsiya, a ja ta gaba da loda ko da injin sara. Sannan a jera sabon gado, a ɗora rololi, a warware sabon bel daga naɗinsa, a zura shi sama da ƙasa, a yi haɗi biyu. A ƙarshe a kafe wutsiya, a dawo da mazubi, a ɗame bel, a tayar da shi a ga ko yana tafiya daidai. Tare da bel kuma akwai taransifoma da kebur da bututun ruwa da bututun iska da wayar sadarwa da kayan kashe gobara, duk sai sun matsa.

Domin a ga yawan kayan, a ɗauka za a ƙara mita 100, ana kafa ƙafa ɗaya kowace mita uku, rololin sama kuma kowace mita ɗaya da rabi. Lissafi ya ba da ƙafafu kusan 33, jerin rololin sama kusan 67, na ƙasa kusan 33, sandunan gefe kusan 66, da bel mita 200. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarafa sai hannu ya taɓa shi sau da yawa: a sauke, a ɗauka, a ɗaga, a saita, a ɗaure.

3.1 Illarta ga Jiki

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sanya kilogiram 23 a matsayin iyakar nauyin da ya dace mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma idan yana tsaye daidai, kayan yana kusa da jikinsa, ba ya kuma murɗa ƙugu. A cikin lungu babu ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa. Daɓe akwai laka da ruwa, haske na fitilar hula ne, a wasu mahaƙun Amurka kuma tsayin shimfiɗar bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, sai mutum ya durƙusa ko ya yi rarrafe da ƙarfe a hannu. Inda rufi ke da tsawo kuwa, sai a ɗaga kaya sama da kafaɗa domin a rataye. Sakamakon haka shi ne ciwon baya da na gwiwa da na kafaɗa, waɗanda ba sa shiga labarai kamar fashewar gas, amma suna raba mutum da sana'arsa tun da sauran ƙarfinsa. Ban da wannan, ɗamammen bel yana riƙe da ƙarfi ko da an yanke wuta, kuma idan mamatsi ya suɓuce ko sarƙa ta tsinke, abin da ya tarar a gabansa ba zai ji daɗi ba.

3.2 Illarta ga Lokaci

Ƙaura ta hannu takan ci zangon aiki ɗaya ko fiye, kuma a duk tsawon lokacin babu kwal ɗin da ke fita daga sashen. A ƙaddara, a matsayin misali kawai, lunguna biyu masu mita 100 kowanne da ratse mai mita 40, jimilla mita 240. Idan ana haƙa mita uku a awa, aikin zai ci awa 80. In aka ƙara ƙaura ta awa 16, ƙaurar ta cinye kashi ɗaya cikin shida na lokacin. To, idan aka samu injin da ke haƙa mita 10 a awa, saran zai koma awa 24, amma ƙaurar tana nan a awa 16, wato kashi 40 cikin ɗari. Darasin shi ne, gwargwadon saurin injin sara, gwargwadon girman asarar da ƙaura ke jawowa.

Wannan lissafi ne ya sa batun ya zama abin damuwa a Ostareliya. Injunan doguwar fuska sun ƙara sauri ƙwarai, har suka riƙa cinye yanki kafin a gama buɗe lungunan na gaba, kayan miliyoyin daloli su zauna babu aiki. Shirin bincike na ACARP, wanda kamfanonin kwal na ƙasar ke ɗaukar nauyinsa, ya sanya burin buɗe lungu mita 10 a awa na tsawon awa 20 a rana. Ba za a cim ma irin wannan buri ba matuƙar ƙaura tana tsayar da aiki yini guda.

4.0 Hanyoyin Mayar da Ƙaura ga Inji

4.1 Rumbun Bel

Wannan ita ce dabarar da sauran suka dogara a kai. A bayan kan bel ana kafa jerin ganguna, wasu a kafe, wasu a kan amalanke mai tafiya bisa dogo. Bel yana kai-kawo tsakaninsu ninki-ninki, kamar yadda masaƙi ke ɗora zare tsakanin turaku. Idan aka ja wutsiya gaba, amalanken yana matsowa, ninkin yana gajarta, bel yana fita. Injin jan waya da ke riƙe da amalanken shi ke tabbatar da cewa ɗamewar ba ta canza ba. Idan ninki shida ne, matsawar amalanke mita ɗaya tana sakin bel mita shida, wato ƙarin hanya mita uku. Amfanin rumbu shi ne ba sai an yanke bel a kowace ƙaura ba. Sai ya kusa ƙarewa ake ƙara masa naɗi guda, a wuri ɗaya tsayayye da ke da haske da kayan ɗagawa.

4.2 Wutsiya Mai Tafiya

Maimakon a ja wutsiya da sarƙa, sai aka ɗora ta a kan ƙafar sarƙa irin ta katafila, ko a kan sandunan da matsin mai ke turawa. Tana tafiya da kanta, tana da jak-jak na daidaita tsayi da karkata, tana kuma kafe kanta da daɓe ko rufi. Ma'aikaci yana sarrafa ta daga nesa. A wasu nau'o'in akwai wurin da ke ɗage bel sama domin a zura gado da rololi ba tare da mutum ya ɗaga bel da kafaɗa ba. A tsarin doguwar fuska, irin wannan wutsiya ce ke ja da baya tare da inji, ana cire gado ɗaya bayan ɗaya, rumbu yana haɗiye rarar bel.

4.3 Manaɗi da Mamatsi

Naɗin bel guda yana da nauyin tan da dama. Manaɗi mai aiki da matsin mai yana warwarewa yana naɗewa, mamatsi na inji kuma yana riƙe bakin bel da ƙarfin da za a iya aunawa. Haɗin da ake yawan kwancewa na ƙarfe ne mai sanda a tsakiya kamar ƙyauren ƙofa. Wanda ake so ya daɗe kuma ana gasa shi ne da zafi da matsi, dabarar da ba ta da nisa da ta mai facin taya.

4.4 Akwatunan Gado da Dogon Rufi

Tun a sarari ake shirya kayan ƙaura guda a akwatunan ƙarfe, a jera su bisa tsarin da za a buƙace su. Loda tana ɗaukar akwati a bakinta, ta ɗaga shi daidai ƙugun ma'aikaci ko daidai rufi, ta bi lungu ana saukewa a inda za a kafa. Da wannan an kawar da doguwar ɗauka. Kebur da bututai kuma ana rataye su a wani dogo mai layi ɗaya da aka manne a rufi, suna naɗe kamar labule, suna buɗewa yayin da fuska ke gaba.

4.5 Jigila Marar Yankewa

Mataki na gaba shi ne a cire motar kai-kawo gaba ɗaya. Akwai gadoji masu tafiya da ake sarƙafa su da juna, akwai kuma bel mai lanƙwasa irin wanda kamfanin Joy ya ƙera, wanda ke bin injin sara yana shan kwana kamar maciji, ƙarshensa yana hawa bisa babban bel yana zuba kwal. Tun da ƙarshen yana zamewa a kan babban bel na wani tsawo, fuska tana iya nisa sosai kafin a buƙaci ƙaura.

5.0 Matsalolin da Suka Rage

Na farko shi ne saiti. Bel ɗin da aka kafa a karkace yana gogar ƙarfe, guga kuma tana haifar da zafi. A ranar 26 ga Satumba 1950, gobarar da ta tashi daga bel a mahaƙar Creswell ta Ingila ta kashe mutum 80, abin da ya kai ga wajabta bel mai jure wuta a ƙasar. A ranar 19 ga Janairu 2006 kuma, a mahaƙar Aracoma Alma da ke West Virginia, bel ya kauce daga saitinsa a cikin rumbun bel, guga ta ta da gobara, ma'aikata biyu suka rasu. A 2008 Amurka ta tsaurara ƙa'idar juriyar bel ga wuta. Abin lura a nan shi ne, na'urar da aka ƙera domin sauƙaƙa ƙaura ita ce ta zama mafarin wuta da aka yi sakaci da ita. Saboda haka ake amfani da hasken leza wajen shata layin gado, ana kuma kafa na'urorin da ke gano kaucewar bel da hayaƙi.

Na biyu shi ne yanayin wuri. Iskar gas ta metan tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska, don haka kowace na'urar lantarki sai an killace ta yadda tartsatsi ba zai fita ba, wannan kuma yana ƙara mata nauyi da tsada. Faɗin lungu bai cika wuce mita biyar zuwa shida ba, ga bel, ga motoci, ga mutane. Daɓe mai laushi yana nutsar da inji mai nauyi, daɓen da ke kumbura kuma yana ɓata saiti.

Na uku shi ne sabon haɗari. Inji mai tafiya yana iya matse mutum da bango, man da ke ƙarƙashin matsi kuma idan bututu ya huje yana ratsa fata. Ciwon baya ya ragu, amma buƙatar horo da kiyaye tazara ta ƙaru.

Na huɗu shi ne dacewa da ƙasa. Nijeriya tana da darasi a nan. An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1916, mahaƙun Inugu kuma na ƙarƙashin ƙasa ne. A shekarun 1970 an kawo injunan doguwar fuska daga ƙasar Folan, amma ba su ba da sakamakon da aka sa rai ba, saboda yanayin duwatsun wurin da ruwan da ke cikinsu. Kwal ɗin da ake haƙa a Maiganga ta jihar Gombe da Anu Araren ta yankin Agadas a buɗe ake haƙarsa, don haka ƙaurar bel ta lungu ba ta shafe su ba. Amma duk ranar da aka koma ƙarƙashin ƙasa, tambayar za ta taso, kuma ma'aikatan da za su yi aikin za su buƙaci a koya musu da harshen da suke ji.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙaurar bel ta samo asali ne daga saɓanin da ke tsakanin fuska mai tafiya da bel kafaffe. Yin ta da hannu yana cin lafiyar ma'aikata, yana kuma cin kaso mai ƙaruwa na lokacin haƙa yayin da injunan sara ke ƙara sauri. Rumbun bel ya rage yankewa, wutsiya mai tafiya ta rage ja, akwatunan gado da dogon rufi sun rage ɗauka, jigila marar yankewa kuma ta rage yawan ƙaurar kanta. Duk da haka, kafa gado da saita rololi har yanzu suna neman hannu da idon mutum a mafi yawan mahaƙu, kuma abin da ya faru a Aracoma ya nuna cewa na'ura ba ta ɗauke wajibcin dubawa. Ta fuskar harshe kuwa, kalmomin da aka gabatar shawara ce. Ya rage ga masana su auna su, musamman ta hanyar gwada su a bakin makanikai da masu injin niƙa, domin a ga waɗanda za su zauna.